Rabin Lamba Ba Rabin Haske Ba Ne: Yadda Ake Haɗa Majigi Biyu a Bango Ɗaya



Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo, a nan cikin gari ko a Roni, Gwiwa da Babura, ya san matsalar na baya: hoto ya yi masa ƙanƙanta. Idan ka ja majigi baya don hoton ya ƙara faɗi, sai hasken ya dusashe. Dabarar da ke zuwa wa kowa a rai ita ce a kawo majigi biyu, kowanne ya ɗauki rabin hoto. To, a nan fa ake yin ta. Idan ka jera su baki da baki, sai layi ya fito a tsakiya kamar ɗinkin buhu. Idan kuma ka ɗora gefen ɗaya a kan ɗaya, wurin da suka haɗu zai ninka haske, ya yi fau.

Maganin shi ne sajewar gefe. A wurin haɗuwar, majigin hagu yana rage haskensa sannu a hankali har ya ɓace, na dama yana ƙara nasa daidai gwargwado, yadda jimillar ba za ta canza ba. A tsakiyar wurin kowanne zai ba da rabi. Da sauƙi a baki.

Ga inda mutane ke faɗuwa. A kwamfuta hasken kowane ɗigo lamba ce daga 0 zuwa 255, don haka sai mutum ya ce rabi ai 128 ne. Ya sa wa kowane majigi 128, ya kunna, sai ga baƙin zirin duhu a tsakiyar bango. Me ya faru?

Amsar tana cikin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda ake kira CRT. A cikinta akwai kwalba da ke harba ilektaron kan sinadarin da ke walƙiya a fuskar gilashi. Hasken da ke fita ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin siginar da ta shiga. Sai an ɗaga siginar zuwa wani iko, wajen 2.2 zuwa 2.5. Wannan ikon shi ake kira gamma. Ɗauki kalkuletarka: 0.5 a ɗaga shi zuwa 2.2, za ka samu kusan 0.22. Wato rabin lamba bai kai ko rubu'in haske ba. Majigi biyu sun haɗa 0.44 ke nan a inda ake neman 1. Ga zirinka. Don samun rabin haske na gaskiya sai ka juya lissafin: 0.5 a ɗaga zuwa ɗaya bisa 2.2, ya ba ka 0.73, wato wajen 186 cikin 255.

Wani zai ce, to Malam, wa ke amfani da CRT yanzu? Ai ta mutu ta bar wasiyya. An gina duk tsarin bidiyo a kan halinta, kuma ya yi daidai da idon ɗan Adam, wanda ya fi gane bambanci a cikin duhu fiye da cikin haske. Ma'aunin sRGB da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996 ya tsaya kusa da 2.2, sannan a 2011 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsayar da 2.4 ga allunan zamani a ƙa'idarta BT.1886. Majigin da ke ajinku yau kwaikwayon kwalbar yake yi.

Majigin CRT na asali, irin na Sony da Barco ta ƙasar Beljiyam, ido uku gare shi: ja, kore da shuɗi. Kowace kwalba da nata gamma, kowace tana tsufa a nata lokacin, kuma saitin yana gocewa idan na'ura ta ɗau zafi. Mai gyara kan shafe sa'o'i yana murɗa saiti da ido, bayan 'yan watanni a sake. Amma yana da wata baiwa: baƙinsa baƙi ne ƙirin. Majigin LCD ko DLP kuwa yana yoyon haske ko da an ce masa ya nuna baƙi, don haka a fim ɗin dare wurin haɗuwa yakan fito toka-toka. Wannan ba ya ragu da lissafi; sai dai a ɗaga baƙin sauran bangon ya yi daidai da shi, a haƙura da asarar.

Wahalar saitin hannu ce ta sa aka koma wa kyamara. A ƙarshen shekarun 1990, Ramesh Raskar da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina ta Amurka suna cikin waɗanda suka nuna yadda kyamara da kwamfuta za su yi aikin. Kwamfuta ta sa kowane majigi ya haska zanen ɗigo-ɗigo shi kaɗai, kyamara ta ɗauka, a gano inda kowane ɗigo ya sauka a bango da faɗin wurin haɗuwa. Daga nan sai a haska matakan haske daga 0 zuwa 255, launi bayan launi, a auna abin da ya fito. Ka ga yanzu ba zato kake yi cewa gamma 2.2 ne ba, ka auna na wannan majigin da kansa. Da wannan jadawalin ake lissafa ragin kowane ɗigo.

Ni a ganina wannan ya isa aikin kammala karatu, kuma ya fi kwafo tsohon aikin wani. Laftof mai mafitar hoto biyu, aron majigi biyu, kyamara, da manhajar OpenCV wadda kyauta ce, sun wadatar. Sai dai a kula: ita ma kyamarar tana da nata gamma, kuma ta waya tana gyara haske da kanta, don haka a kulle saitinta, in da hali a ɗauki ɗanyen hoto. A bar majigi ya yi kamar rabin awa a kunne kafin awo, a rufe tagogi, a sa sitabilaiza idan da janareta ake aiki. In lokacin hunturu ne, a goge ƙurar gilashin ido tukuna, in ba haka ba ƙurar za ka auna.