Yadda ake ganin likitan ƙwaƙwalwa ta intanet

A 1959 wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Nebraska ta Amurka ta fara amfani da talabijin da ɓangarori biyu ke ganin juna, a 1964 kuma aka haɗa ta da asibitin Norfolk mai nisan kilomita 180. Annobar korona ta 2020 ta ƙara yaɗa ganin likita daga nesa ta wayar hannu. Yau mai fama da matsananciyar damuwa zai iya zantawa da ƙwararre ba tare da ya hau mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware ko Dawanau ba.

Da farko sai ya san wa yake nema, domin sunayen suna rikita mutane.  Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam kuwa da tattaunawa yake jinya. Akwai kuma manhajojin da na'ura ce ke amsawa; waɗannan ba likita ba ne, komai daɗin bakinsu. A Najeriya, likita na gaske yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma tambayar lambar rajistarsa ba rashin kunya ba ce.

Sannan ya zaɓi hanya: bidiyo, kiran murya ko saƙo. Bidiyo ya fi a ganawar farko, don likita yana karanta fuska da motsin jiki. In sabis na yankewa, murya ta wadatar.

Wurin zama shi ne babban aiki. A gidan da yara ke shige da fice, sirri yana da wuya, kuma wanda ke tsoron a ji shi zai ɓoye rabin abin da ya dame shi. Ya nemi ɗaki a lokacin da gida ya yi shiru, ya sa abin sauraro a kunne, ya cika caji, ya sayi data.

Kafin kiran, ya rubuta yaushe abin ya fara, yadda barci da cin abinci suke, da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Ya faɗa wa likita inda yake, ya ba shi lambar wani ɗan'uwa amintacce.

Idan tunanin kashe kai ya zo, ko mutum ya fita hayyacinsa, ba a jiran ganawar waya. A kai shi asibiti mafi kusa nan take.