Mabuɗin Wayar Ɗanka Ya Zauna A Hannunka

Wannan 'yar takarda ta iyaye ce, maza da mata, da duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon yaro, ko kaka ce, ko kawu, ko yayan da ya zama uba. Maganarmu a kan wayar hannu ce, babbar nan mai shiga intanet, da kayan tsaron da masu ƙera ta suka tanada kyauta domin uwa ko uba su sa ido a kan abin da yaro yake yi da ita. Da yawa daga cikinmu muna yawo da waɗannan kaya a aljihu shekara da shekaru ba mu taɓa buɗe su ba, don ba wanda ya gaya mana suna nan.

Bari mu fara daga inda ɓarnar take somawa, wato ranar sayen waya. Mutum ya shiga kasuwar waya, a ce Farm Centre ta Kano ko irinta a garinku, ya zaɓi Tecno ko Infinix ko itel, ya biya, ya miƙa wa yaron shago ya ce a saita masa. Yaron shago yana sauri, ga masu jira. Sai ya buɗe adireshin Gmail, ya zuba shekarar haihuwar da ta zo masa a ka, 1990 ko 1995, ya rubuta lambar sirri a bayan kwali. Daga wannan sa'a Google ya ɗauka mai wayar nan magidanci ne ɗan shekara talatin da wani abu, alhali kuwa yarinya ce 'yar aji biyar a firamare. Duk wani shinge da aka yi domin yara ya faɗi ke nan tun ba a bar kasuwa ba.

Ka sani, ya mai karatu, waɗannan kamfanoni da shekarun da aka rubuta musu suke aiki. Tun 1998 Amurka ta kafa dokar da ta hana a tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da iznin iyayensa, shi ya sa Facebook da TikTok da Instagram duk suka sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Mu ma a Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce a nemi yardar iyaye kafin a taɓa bayanan yaro. Amma doka ba ta ganin fuska ta cikin waya. Saboda haka aikin farko, wanda ya fi duk sauran, shi ne kai da kanka ka buɗe wa ɗanka asusunsa, da shekarunsa na gaskiya.

Hanyar yin haka ita ce manhajar da ake kira Family Link, wadda Google ya fito da ita a 2017. Ba a biyan ko kwabo. Za ka sauke ta a taka wayar daga Play Store, ka buɗe wa yaron asusu ta cikinta, sannan ka shigar da wannan asusu a wayarsa. In wayar ta riga ta zauna da asusun yaron shago, gara a kwashe hotuna da lambobi a ajiye, a goge ta a sake sabon lale. Wahalar yini ɗaya ce.

To, me za ta yi maka? Da farko, yaro ba zai sauke wata manhaja daga Play Store ba sai saƙo ya zo wayarka ka amince ko ka ƙi. Wannan kaɗai ya isa dalili, domin ta nan manhajojin caca suke shigowa, da na hira da baƙi ta bidiyo, da wasannin da suke cinye kuɗi. Sannan za ka yanke masa awannin da zai yi a yini, ka sa lokacin barci, a ce daga ƙarfe tara na dare zuwa bayan asuba, wayar ta kulle kanta. Ko tana kulle yana iya amsa kira, kada ka ji tsoron za ka neme shi ka rasa. Za ka ga awa nawa ya yi a kan kowace manhaja, ka ga inda wayar take a taswira muddin akwai data a cikinta, kuma matatar binciken Google, wadda suke kira SafeSearch, za ta riƙa tare hotunan batsa. Masu iPhone su ma suna da nasu, sunansa Screen Time, yana cikin saitin wayar tun 2018, ba sai an sauke komai ba.

Sai dai a yawancin gidajenmu yaro ƙarami ba shi da wayar kansa. Ta Umma yake ɗauka idan tana girki, ko ta Baba idan ya dawo ya ajiye ta a caji. Wannan wayar ta babba ce, ba abin da ta hana. Ga masu irin wannan hali akwai dabaru ƙanana masu amfani. A cikin saitin Play Store akwai wurin kulawar iyaye, inda za ka sa lamba huɗu ka iyakance irin abin da za a iya saukewa. A sashen tsaro na saitin Android kuma akwai abin da suke kira App pinning: za ka kafe manhaja ɗaya a fuskar waya, yaro ba zai fita daga cikinta ya shiga WhatsApp ɗinka ko manhajar banki ba sai da lambarka. In kallon bidiyo yake so, a sauke masa YouTube Kids maimakon babbar YouTube. An fito da ita a 2015, tana raba yara rukuni uku bisa shekaru, daga huɗu zuwa ƙasa, biyar zuwa takwas, tara zuwa goma sha biyu. Tana da agogon da ke tsayar da kallo in lokaci ya cika, kuma ana iya kashe bincike gaba ɗaya a zaɓa wa yaro tashoshin da aka yarda da su. Ga ɗan ƙasa da shekara takwas, a ganina wannan na ƙarshe shi ne daidai, domin na'ura ce take tace bidiyon, kuma takan yi kuskure.

Akwai kuma wata hanya da mutane kaɗan suka sani, ga ta da sauƙi. Duk lokacin da waya za ta buɗe wani shafi, sai ta fara tambayar wata na'ura mai riƙe da adireshi, wadda ake kira DNS, ta nuna mata inda shafin yake. Idan ka sauya wannan na'ura da wadda ba ta nuna hanyar shafukan batsa, to ka yi wa gidanka zaure, baƙo ba ya wucewa ciki sai an tantance shi. Kamfanin Cloudflare ya buɗe irin wannan kyauta a 2020. A wayar Android ta zamani, ka nemi Private DNS a cikin saiti, ka rubuta family.cloudflare-dns.com, ka ajiye. Mai na'urar raba intanet a gida kuma ya sa lambobin 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a wurin DNS, duk wayar da ta hau kanta ta shiga ƙarƙashin matatar. Amma a kula da VPN, manhajar da ke sauya hanyar da waya take bi zuwa intanet. Matasanmu sun ƙware a kanta tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma tana iya tsallake wannan matata cikin daƙiƙa. Ka ga dalilin da ya sa iznin sauke manhaja ya kamata ya tsaya a hannunka.

Idan yaro ya haura 13 ya shiga dandalin sada zumunta, can ma akwai tanadi. TikTok yana da Family Pairing tun 2020, inda ake haɗa asusun uba da na ɗa, uba ya ƙayyade lokaci da waɗanda za su iya aiko masa da saƙo. Tun 2023 ma sun sa duk wanda bai kai 18 ba a kan minti 60 a yini, kuma ɗan ƙasa da 16 ba shi da damar saƙon sirri. Instagram ya kawo asusun matasa a Satumbar 2024: shafin a rufe yake sai wanda aka karɓa, sanarwa tana yin shiru daga goma na dare zuwa bakwai na safe, ɗan ƙasa da 16 kuma ba ya sassauta wannan sai da iznin iyaye. Dukkansu, mu sake faɗa, a kan shekarun da aka rubuta suke tafiya.

Yanzu sai mu faɗi abin da waɗannan kaya ba sa yi, don kada wani ya saita waya ya koma ya yi barci da minshari. Family Link ba ta nuna maka saƙonnin yaro, ba ta nuna maka fuskar wayarsa. Hirar WhatsApp a kulle take tun 2016, ko kamfanin ba ya karanta ta; abin da za ka iya shi ne ka shiga saitin sirrinta ka hana baƙi jefa yaron cikin rukuni, ka kuma sa kiran baƙuwar lamba ya yi shiru. Babban giɓin kuwa namu ne na gida. Mafi yawan abin da ke yawo tsakanin yaranmu ba ta intanet yake zuwa ba. Ta Xender ake tura shi a bayan aji, ko ta Bluetooth, ko a kai memori wurin masu tura finafinai a bakin titi a cika shi da kuɗi kaɗan. Babu matatar da take ganin wannan. Maganinsa shi ne ka toshe manhajar turawa a wayar yaro, ka kuma riƙa karɓar wayar lokaci lokaci kana duba ma'ajiyar bidiyo a gabansa. Wayar abokinsa kuwa ba ta ƙarƙashin ikonka. Sanin abokan shi ne naka.

Wani zai ce, to ai akwai manhajojin da ake biya, masu ɓuya a waya su kwaso maka kowane saƙo. Akwai su, amma ba mu ba ka shawarar su ba. Duk abin da suka kwasa, hotunan 'yarka da hirarta da inda take kwana, a rumbun wani kamfani yake taruwa a wata ƙasa. Ɗaya daga cikin manyansu, mSpy, an fasa rumbunsa a 2015 bayanan mutane suka watsu. Ban da haka, ranar da yaro ya gano ana leƙensa a ɓoye, ya daina kawo maka damuwarsa ke nan, zai nemi wata wayar da ba ka sani ba. Ka zaunar da shi ka ce, “Ga abin da na sa, ga abin da nake gani, ga dalili. In ka ƙara hankali zan sassauta.” Lambar sirri kuma taka ce kai kaɗai. In karatun boko ya yi maka nauyi, ka nemi babba amintacce ya taya ka, amma kai za ka danna lambar da hannunka, kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwarka. Abin dariya ne da yake faruwa kullum, a ba yaro waya a ce ya saita makullin da za a kulle shi da shi.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda kunya ba za ta hana mu faɗa ba. Akwai miyagun da suke buɗe shafi da hoton budurwa ko saurayi, su yaudari yaro har ya tura hoton tsiraicinsa, sannan su juya su ce ko ya biya kuɗi ko su watsa wa danginsa da 'yan ajinsu. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mamallakin Instagram, ya ce ya rufe asusun dandalin kusan 63,000 a Nijeriya masu wannan sana'a, kuma a wannan shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa saboda barazanarsu. Yara maza sun fi faɗawa wannan tarko, kada a ɗauka sai mata.

In haka ta sami ɗanka, duka da zagi ba nan ne wurinsu ba, domin tsoronka shi ne jarin mai barazanar. Kada a biya, don wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Kada a goge hirar. A ɗauki hotonta tare da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe shi a kai ƙararsa ga dandalin. Akwai wani shafi kyauta mai suna Take It Down, wanda cibiyar NCMEC ta Amurka ta buɗe a 2023 domin hotunan waɗanda ba su kai 18 ba. Hoton ba ya barin wayar yaro; wata lamba ta musamman ake cirowa daga jikinsa a rarraba wa dandalin da suka shiga shirin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, su kuma su tare shi idan an yi ƙoƙarin ɗora shi. Daga nan sai a tafi da shaidun da aka adana zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa, a nemi a miƙa maganar ga cibiyarsu ta yaƙi da laifuffukan intanet da ke Abuja, ko a kai wa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.