Darasin Tattalin Arziki: Kafa Gareji a Gida

Wajibi ne mai niyyar kafa gareji a gidansa ya raba jarinsa kashi biyu. Kashi na farko na rumfa ne da daɓen siminti da jak da sifana, waɗanda akan biya sau ɗaya. Na biyu kuwa na juyawa ne, wato kuɗin mai da kayan gyara, masu fita kullum.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya zama babban mai cinye riba. Saboda haka, a fara da kayan hannu, ko da na gwanjo ne daga Panteka ta Kaduna. Injin walda ya jira sai ciniki ya kankama. Wanda ya ƙarar da jari wajen sayen injuna, da wuya ya kai ga cin riba.