Kafin Ka Sauke Kan Babur Ɗinka, Ɗana

Ɗana, tunda Allah ya hore maka babur mai gudu, na san inda idonka zai sauka. Saurayi in ya gama da salansa, sai ya koma kan hannu. Yana son ya cire wanda kamfani ya sa, ya ɗaura hannun maƙale, wato kilif-on, irin guntayen nan guda biyu da kowanne ke rungume da ƙafar shokarsa ta gaba, don kan mashin ya kwanta ƙasa irin na 'yan tsere. Ba zan hana ka ba. Abu ne mai kyan gani, kuma in an zaɓe shi da hankali yana ƙara wa tuƙi daɗi. Sai dai ina so ka zauna mu yi maganarsa a tsanake, domin duk abin da za ka gaya wa tayar gaba, ta wannan ƙarfen zai bi, kuma duk abin da tayar za ta gaya maka game da hanya, ta nan zai iso tafin hannunka.

Ka fara sanin don me aka yi shi. A filin tsere aka haife shi. Iska ce babbar abokiyar gabar mai gudu, kuma idan gudu ya ninka biyu, turin iska ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa 'yan tsere suke kwantar da ƙirji a kan tanki, su ɓoye kai bayan gilashi, hannu kuma dole ya sauko ya same su a can ƙasa. Daga baya samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960, waɗanda ke taruwa a wurare irin su Ace Cafe a Landan, suka kwaso salon suka ɗora a kan Triumph da Norton da BSA, burinsu su taɓa mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Daga nan ya shigo titi. Duk inda ka bi tarihinsa, gudu mai tsanani a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta za ka tarar.

To kai ina kake hawa? Wannan ita ce tambayar da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya, tun kafin ka tambayi farashi. Idan kana kan buɗaɗɗiyar hanya, gudu ya haura kilomita ɗari, iska takan tallafi ƙirjinka ta rage wa hannu nauyi. A cikin gari babu wannan tallafin. Kana bin gosulo, kana kauce wa rami, ga Keke Napep ya yanko ba sigina, ga yashi ya taru a bakin kwalta, nauyin rabin jikinka kuwa yana kan wuyan hannu. Bayan ɗan lokaci sai ka ji ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara mutuwa, saboda jijiyar da ta ratsa gefen tafin hannu ta sha danna. Wuya ma yana biyan nasa kuɗin: jiki ya sunkuya, hular kwano da nauyinta, kai kuma dole ka ɗaga shi don ka hango gaba. Mutumin da wuyansa ya gaji yakan daina waiwaye, ya daina hangen nesa, ya zuba ido a kan 'yan takun da ke gaban tayarsa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka, fiye da ciwon baya. Kuma gajeren hannu mai kwanciya ba ya ba ka ƙarfin murɗa kai kamar dogo mai faɗi, don haka kaucewar gaggawa a ƙaramin gudu ta fi wuya.

Ka lura da Kawasaki Ninja 300 da Yamaha R3. Surarsu ta 'yan tsere ce, amma masu ƙera su da gangan suka ɗaga musu hannu sama, don sun san a titi za a fi hawansu. Ba rashin sani ya sa su yin haka ba. Kuma kar ka ɗauka duk hannun maƙale saukarwa yake yi. Akwai masu wuya, waɗanda ke ɗaga hannu da milimita 25 ko 50 su matso da shi wajen mahayi. Kamfanin HeliBars na Amurka da wannan ya yi suna. Mai Yamaha R6 ko Suzuki GSX-R da ke yawo a cikin gari, sau da yawa irin wannan ne maganinsa. Manomi da tsayinsa yake auna ƙotar fartanya, ba da ta maƙwabcinsa ba. Hau babur ɗin a tsaye, wani ya riƙe maka, ka matse tanki da gwiwoyi, ka sunkuya iya inda bayanka da cikinka za su iya riƙe ka ba tare da ka dogara da hannu ba, sannan ka miƙa hannuwa da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu. Inda tafinka ya sauka, nan ne wurin da ya dace da kai. In hannun da kake sha'awa ya fi nan nisa sosai, jikinka ya riga ya ba ka amsa.

Sai awo, kuma a nan ne kuɗin samari da yawa ke salwanta. Zoben da ke rungume ƙafar shoka ana yin sa ne daidai da kaurinta, milimita da milimita. Ninja 300 da Honda CBR250R, 37 ne. R3 na farko, daga 2015 zuwa 2018, da Suzuki SV650, 41. Waɗannan masu sauƙi ne, domin siririn ƙarfen shokar shi ne a sama, kuma shi zoben zai kama. Masu shoka juyayya, wadda kaurinta ke sama siririn yana ƙasa, su ne ke ruɗa mutane. Takardar R6 na 2006 zuwa 2016 za ta ce maka shokarsa 41 ce, amma wannan awon siririn ne na ƙasa. Inda zoben zai zauna a sama 50 ne. Wanda ya yi oda da lambar takarda, kaya zai iso ya ƙi shiga. Ƙari a kan haka, jikin juyayyar shoka ba kauri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa, wani wuri yana sirancewa. Saboda haka ka je wurin masu gyaran inji, ka ari ma'aunin kaurin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ka auna daidai gurbin da zoben zai zauna. Idan zobe ya yi wa shoka yawa da milimita ɗaya, kar ka yarda a cusa masa yankan gwangwani a ce ya kama. Ranar da ka taka birki da ƙarfi, nauyinka duka ya tafi kan hannu, ranar zai juya.

Sandar da kake riƙewa kuwa, kusan duk baburan Japan da na Turai milimita 22 ce. Ta inci ɗaya ta irin su Harley-Davidson ce, makunnanka da libobinka ba za su hau ta ba. Karkatar sandar zuwa ƙasa yawanci tsakanin digiri 5 ne zuwa 10, wasu kuma ana iya daidaita su.

Akwai wata dabara da nake roƙonka ka guje mata. Wani yana son hannun ya zauna a saman farantin da ke riƙe da ƙafafun shoka, amma ƙafafun ba su leƙo sama isasshe ba, sai makanike ya sassauta su ya turo su sama don zobe ya sami wurin kamawa. Abin da aka yi ke nan shi ne an sauke gaban babur ɗin gaba ɗaya. Kai zai riƙa faɗawa kwana da sauri fiye da yadda aka tsara shi, natsuwarsa a miƙaƙƙiyar hanya ta ragu, kuma in ka faɗa rami taya na iya taɓo abin da ke bayanta. Masu tsere kan yi wasa da wannan awon, amma da 'yan milimita kaɗan, suna gwadawa suna rubutawa. Ba abin da za a yi don neman gurbin zobe ba ne.

Game da ƙarfen kansa, mai kyau daga dunƙulen alminiyam ake sassaƙo shi da inji, irin wanda ake wa lamba 6061 ko 7075. In ka juya shi a hannu za ka ga siraran layukan da bakin inji ya bari, cikin zoben sumul, zaren noti a tsabtace. Na banza zuba shi ake yi a mazubi, a fesa masa launi mai ƙyalli. In ya karye ka duba bakin karayar, za ka ga tsaki-tsaki da 'yan ramukan iska a ciki. Irin wannan ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, ɓallewa yake yi gaba ɗaya. Ka duba kan notocin da suka zo da shi. Na kirki suna ɗauke da lambar ƙarfinsu, 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Sunayen da aka sani a wannan sana'a akwai Woodcraft da Vortex na Amurka, da Renthal na Ingila, da LSL na Jamus, da Gilles Tooling na Lukzambag. A Jamus ba a yarda ka hau titi da irin wannan kaya ba sai yana da takardar shaidar gwaji, don haka kayan da aka yi wa kasuwarsu sukan zo da ita, kuma ganinta alama ce mai kyau. Amma ka sani rubuta suna a jikin ƙarfe ba wuya, jabu ya cika intanet. In ka ga farashin ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado. In kuɗinka bai kai na kirki ba, ka ci gaba da hawa da na kamfani har Allah ya hore. Babu abin kunya a ciki, kuma shi an gwada shi.

Ni dai na fi son wanda sandarsa daban, zobensa daban. Babur yana faɗuwa, ko a tsaye ne, kuma sanda ce ke fara taɓa ƙasa. In a rabe suke, sai ka zare lanƙwasasshiyar ka sa sabuwa da kuɗi kaɗan. A nan ma ga wani jan kunne. Mun saba ganin an zura bututu a lanƙwasasshen hannun Bajaj ko Jincheng an miƙar da shi an ci gaba da tafiya. Wancan baƙin ƙarfe ne, yana haƙuri. Alminiyam in ya lanƙwashe aka miƙar da shi, tsagewa yake yi ta inda ido ba ya gani, in kuma aka sa masa wuta ko walda, taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi. Wanda ya lanƙwashe, a jefar.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin da kanka, kar ka aika yaro. Cikin akwatin makunni akwai wani ɗan tsinin roba, bai fi ƙwayar dawa ba, wanda ke shiga rami a jikin sanda don kar akwatin ya juya. Sabuwar sanda yawanci ba ta da wannan ramin. Mai gaggawa sai ya goge tsinin da zarto ya ɗaure haka nan. A ɓangaren dama na babura da yawa, akwatin da ke riƙe da wayar totur ma da irin wannan tsinin yake zaune, in babu shi sai ka murɗa totur gidan gaba ɗaya ya biyo hannunka. Abin da ya dace shi ne a jera komai a sassauce, ka hau ka gwada, a yi alama, sannan a huda. Libar birki da ta kuloci a karkata su yadda in ka miƙa yatsu, bayan hannunka da damtsenka za su zama layi ɗaya. Ƙoƙon man birki ya zauna a miƙe don kar iska ta shiga. Nauyin nan na ƙarshen sanda ma a mayar da shi ko a nemi madadinsa, domin shi ke rage karkarwar inji, amma a bar 'yar tazara tsakaninsa da robar totur don kar ya riƙe ta. Notocin zobe a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon adadin da takardar kayan ta faɗa. Sassauci haɗari ne, ɗaurin ganganci kuma yana cinye zaren alminiyam, yana iya matse ƙafar shoka.

Kafin taya ta taɓa titi, ka juya kai zuwa dama har ya tsaya, ka juya hagu har ya tsaya. Ka yi haka kana riƙe da hannun, babban yatsanka a inda yake zama. In ya matsu tsakanin roba da tanki, ba a gama aiki ba, domin wata rana za ka zo juyawa a ƙuntataccen lungu, kai ya kai ƙarshe, yatsa ya maƙale, hannunka kuma yana kan totur. Ka duba ko liba na taɓa robobin gaba ko gilashin mita. Ka duba tiyon birki da wayar kuloci, kar su ɗame in an juya, kar kuma su naɗe. Sannan ka tayar da inji a furi, ka sake juya kai dama da hagu kana saurare: in ƙarar ta ɗaga da kanta, wayar totur na jan kanta, a sake mata hanya. Ka murɗa totur ka saki a kowane ɓangare, ya koma da kansa nan take.

In duk wannan ya yi daidai, ka sa hularka ka nemi fili mara mutane. Ka yi zagaye a hankali, ka yi kwana matsattsiya ta kowane gefe, ka taka birki da ɗan ƙarfi ka ji ko wani abu ya motsa a hannunka. Ka ɗiga fenti a kan kowane noti ya haɗe da jikin zobe, ka ja wani layin daga zobe zuwa ƙafar shoka, yadda in wani abu ya goce ido zai nuna maka. Bayan fitar farko ka sake bin notocin da sifana. Tsohon hannun kuma ka naɗe shi ka adana, ka ba sabon mako biyu ko uku a hanyar da ka saba bi kullum. In har yatsunka na mutuwa ko ka ga ka rage waiwaye, ka mayar da tsohon, ko ka nemi mai wuya.