Darasi na 18: Renard da Jirgin da Ya Komo Gida

Mu mutanen bakin gulbi mun san gora. Masunci a Argungu yakan hau gora cikin ruwa, ba ya nutsewa, don ba kome cikinsa sai iska. Amma in mun saki gora a gulbi, inda ruwa ya nufa nan za shi. Mai kwalekwale kuwa yana da filafili. Ya tafi, ya komo.

To, haka jirgin sama na farko yake, kamar gora. A shekarar 1783 mutanen Faransa suka ɗinka wata babbar jaka, suka cika ta da wata iska marar nauyi, suka rataya kwando a ƙarƙashinta. Sunanta balan-balan. Tana tashi da mutane, amma inda iska ta ga dama nan take kai su.

A shekarar 1870 Jamusawa suka kewaye Faris, babban birnin Faransa. Ba shiga, ba fita. Sai mutanen birnin suka riƙa tura balan-balan da wasiƙu. Fiye da 60 suka tashi. Ko ɗaya bai iya komowa ba. Wani ma iska ta kwashe shi har ƙasar Norwe. Amsar wasiƙu sai tantabaru ke kawowa.

Cikin sojan Faransa akwai wani saurayi, sunansa Charles Renard. An haife shi a shekarar 1847. Injiniya ne, watau sojan da ya koyi awo da lissafi da gini. Da yaƙi ya ƙare, ya ba da ransa ga wannan aiki. A shekarar 1877 ya kafa ma'aikatar balan-balan ta soja a Chalais-Meudon, kusa da Faris.

Ya duba igiyoyin da ake ɗaure balan-balan, ya tarar iri 425 ne. Ya zauna ya yi lissafi, ya mai da su iri 17, kuma suka isa.

Sa'an nan shi da abokinsa Arthur Krebs suka yi sabon jirgi. Ba su yi shi kamar ƙwarya ba, suka yi shi dogo kamar kifi, don ya ratsa iska. Tsawonsa ya fi ƙafa 160. Suka sa farfela a gaba, injin lantarki da batir ke juya ta. Ita ce filafilinsu. A baya suka sa wutsiya ta juya kan jirgi.

Ran 9 ga Agusta, 1884, su biyu suka hau. Jirgin ya tashi, suka juya shi, ya juyu. Suka yi tafiyar mil 5 cikin minti 23, suka sauka daidai inda suka tashi. Ba a taɓa yin haka ba sai ran nan. Sau 7 aka tashi da shi, sau 5 ya komo gida. Batir ɗin yana da nauyi ƙwarai, in iska ta yi ƙarfi sai ta rinjaye shi. Renard ya mutu a shekarar 1905.

Jiragen da suka fara sauka Kano a shekarar 1925, da waɗanda ke wucewa bisa Gesse za su Ambursa, masu fukafukai ne, ba irin nasa ba. Amma shi ya nuna ana iya tuƙi a sama. Da alƙalami da lissafi ya fara, irin wanda muke koyo a ajin nan.

Tambayoyi

1. Me ya hana balan-balan komowa Faris?
2. Cire 17 daga 425. Saura nawa?
3. Shekarar Renard nawa a duniya?
4. Rubuta: Gora yana bin ruwa, mai filafili yana komowa gida.