Maganin Tsagar Ɗaki

Mu mutanen Guri a bakin ruwa muke zaune. In kogin Haɗeja ya kawo, gindin bango yakan sha laima. In rani ya yi, sai bango ya bushe ya tsage. A 2020 da 2022 ambaliya ta rushe gidaje da yawa a ƙasar Haɗeja. Tsagar da muka raina da rani, ta nan ruwa kan shiga da damina.

To, da me za mu toshe ta? Mu fara duba abin da aka gina bangon da shi.

Bangon ƙasa, ƙasa yake so. Mu kankare tsagar, mu yayyafa ruwa, sa'an nan mu cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. In ta bushe, mu yi yaɓe da makuba. Daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun makuba. Tana sa yaɓe ya yi ƙarfi, ruwan sama ya riƙa zamewa. Amma ba ta dawwama, sai ana sabuntawa.

Waɗansunmu sukan liƙa siminti a bangon ƙasa, wai don a ce sun waye. Asarar kuɗi ce. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan ɗaga, ruwa ya bi ta bayansa, ya ci bangon a ɓoye. Siminti na bangon bulo ne.

Rufin kwano kuwa, inda ƙusa ta huda, kwalta ce maganinsa. Mu goge tsatsa tukuna.

Tsagar da hannu ke shiga, ko wadda ke ƙara faɗi, ta fi ƙarfin liƙi. Mu kira magini tun kafin ruwan fari, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin.