Amsoshin Tambayoyinku: Wane Katamaran Ya Dace Da Sabon Shiga?

Katamaran, wanda wani mai sauraro daga Kelle a yankin Gure ya yi tambaya a kansa, kwalekwale ne mai gangar jiki biyu da aka haɗa da ƙarafa, aka ɗaure tamfol a tsakani wurin zama. Irin wannan ƙaramin ba shi da inji. Iska ce ke tura ƙyallen da aka ɗaga a kan doguwar sanda.

Sabon shiga ya fara duba girma. Hobie 16, na kamfanin da Hobie Alter ya kafa a Amurka, ya kai mita 5, nauyinsa kusan kilo 145, da ƙyalle biyu. Gudu gare shi, amma idan iska ta taso hancinsa kan nutse ya kife, kuma tayar da shi yakan gagari mutum ɗaya mara nauyi. Hobie Wave ya fi dacewa da mai koyo. Bai wuce mita 4 ba, ƙyallensa ɗaya, jikinsa kuma roba ce mai jure gogar yashi.

Idan na hannu za a saya, a danna saman gangar da tafin hannu. Inda ya lotsa, wurin ya lalace. A buɗe toshiyar baya a ga ko ruwa zai tsiyayo, a bi wayoyin da ke riƙe sandar ko wata ta fara tsinkewa.

Kelle dai ba ta da ruwan wannan tuƙi. A Legas ana koyonsa, kuma ba a hawa sai da rigar hana nutsewa.